Tarihin Abdullahi Ɗan Mubarak, Falken Da Ya Riƙe Malamai

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imominsa, muna yin salati ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana masu karatu, na daɗe ina jin wata ƙorafi iri biyu a garuruwanmu. In ka zauna a zauren malamai sai ka ji ana cewa attajirai sun riƙe hannu, sun bar makarantu da yunwa. In ka koma rumfar kasuwa sai ka ji ana cewa malamai sun bar alluna, sun koma tsaron ƙofofin masu mulki. Kowa yana ganin laifin ɗan'uwansa. Saboda haka na ga ya kamata in kawo muku labarin wani bawan Allah wanda ya haɗa abin nan biyu a jikinsa, ga shi malami na ƙin ƙarawa, ga shi kuma falke mai jari, don mu ga yadda ya sa ɗaya ya yi wa ɗaya hidima. Shi ne Abdullahi ɗan Mubarak, wanda a ke yi wa alkunya da Abu Abdurrahman, Allah ya jiƙansa.

Asalinsa

An haife shi a shekara ta 118 bayan Hijira, watau 736 ta Miladiyya, a birnin Marwu na ƙasar Hurasan. Kada mai karatu ya ɗauka Marwar Makka a ke nufi. Wannan wani babban birni ne can gabas da Farisa, a kan hanyar fatake, kufansa yana cikin ƙasar da a ke kira Turkumenistan yanzu. Ubansa Baturke ne, bawan wani attajiri daga Banu Hanzala, shi ya sa a ke jingina ɗan ga wannan kabila. Uwarsa kuwa mutuniyar Huwarizmu ce.

Masu tarihi sun kawo wata hikaya game da uban nan nasa, Mubarak. Ya daɗe yana tsaron wani lambu na ubangijinsa. Ran nan mai lambu ya zo ya nemi a tsinko masa rumman mai zaƙi, Mubarak ya kawo, aka fasa aka tarar da tsami. Ya sake kawowa, aka kuma tarar da tsami. Mai lambu ya husata, ya tambaye shi yadda za a yi mutum ya shekara cikin lambu bai san mai zaƙi da mai tsami ba. Sai ya bayyana masa cewa shi tsaro aka sa shi, ba a yi masa iznin ci ba, don haka bai taɓa ɗanɗanawa ba. Da mai lambu ya bincika ya tabbatar da gaskiyar magana, sai Mubarak ya girma a idonsa. To, daga irin wannan gida Abdullahi ya fito, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Daga baya Mubarak ya zama ɗan kasuwa. An ruwaito cewa shi da wani abokin kasuwancinsa sun yi wa 'ya'yansu alkawari, duk wanda ya hardace ƙasida guda za a ba shi dirhami guda. Ku duba, jama'a, dirhamin farko da ya shiga hannun yaron nan a kan karatu ya shiga, daga aljihun ɗan kasuwa kuma ya fito. Allah ya hore masa harda tun yana makarantar allo. Wani abokin karatunsa ya ba da labari cewa sun taɓa wucewa ta wurin wani mai huɗuba mai tsawo, da aka ƙare Abdullahi ya maimaita ta duka bai bar kome ba.

Yana yaro ɗan shekara 14 aka yi babban juyi a duniyar Musulmi. Mulkin Banu Umayya ya faɗi a shekara ta 132, Abbasawa suka hau, kuma daga ƙasarsu ta Hurasan wutar ta tashi. Watau tun da ƙuruciya ya ga yadda sarauta ke tashi daga wannan gida ta sauka a wancan, ya ga waɗanda suka jingina da ita yadda suka faɗi tare da ita.

Neman ilminsa

Bai duƙufa ga neman hadisi ba sai da ya kai shekara 20. Wannan abin ƙarfafa zuciya ne ga gardin da ya ke ganin lokaci ya wuce masa. Malaminsa na farko a hadisi shi ne Rabi'u ɗan Anas, wanda a sa'an nan ya ke tsare a kurkuku. Abdullahi ya yi dabara har ya shiga wurinsa, ya ji hadisi wajen 40 daga bakinsa.

A shekara ta 141 ya ɗaura sirdi ya bar gida. Ya shiga Iraƙi da Hijaz da Sham da Masar da Yaman. Ya ɗauki karatu wurin Hishamu ɗan Urwa, da A'amash, da Humaidu Ɗawil, da Sulaimanut Taimi. Ya zauna gaban Auza'i, limamin mutanen Sham, da Laisu ɗan Sa'adu, limamin mutanen Masar, da Ma'amaru ɗan Rashidu a Yaman, da Shu'uba a Basra. Fiƙihu kuwa ya sha shi wurin Abu Hanifa da Sufyanus Sauri, kuma ya kan ambaci su biyun nan da alheri, yana ganin ba don Allah ya taimake shi da su ba, da bai fi sauran mutane da kome ba. An ce malaman da ya rubuta daga gare su sun kai 4,000, ya ruwaito daga 1,000 cikinsu.

Mu da mu ke bin mazhabar Imamu Malik muna da rabo a cikinsa, domin yana daga cikin waɗanda suka yi karatu wurin limamin Madina. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da mu ke karantawa, ya sa shi cikin almajiran Malik a littafinsa Tartibul Madarik. Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, wanda ruwayarsa ta Muwaɗɗa ce ta yaɗu a ƙasashenmu, ya ba da labari cewa wata rana Abdullahi ya shigo majalisar Malik, sai suka ga Malik ya gusa ya zaunar da shi kusa da shi, abin da ba su taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Ya tsananta ƙwarai a kan isnadi, watau jerin mutanen da hadisi ya biyo ta kansu. Yana ganin sanin wannan jeri yana cikin addini, domin in babu shi kowa sai ya faɗi abin da ya ga dama ya jingina wa Annabi. Hadisansa suna cikin Buhari da Muslim da sauran littattafan nan shida. Ya wallafa Kitabuz Zuhdi, da Kitabul Jihadi, da littafi a kan biyayyar iyaye da sada zumunci, kuma har yau ana karanta su. Tsantseninsa ya kai ga ya ari alƙalami a Sham, ya manta bai mayar ba sai da ya isa Marwu ya gan shi cikin kayansa, ya juya ya koma Sham ya kai wa mai shi. In yana gida ya kan yawaita zama shi kaɗai da littattafansa. Da aka tambaye shi ko kewa ba ta damunsa, sai ya nuna cewa mai zama da hadisi yana tare da Annabi da sahabbansa ne, ina kewa za ta fito.

Fataucinsa da dalilinsa

Duk wannan yawo da ya ke yi, da haja ya ke tafe. Ibnu Kasir ya ambata cewa jarinsa ya kai kamar 400,000, yana juya shi gari gari, ribarsa a shekara tana haura 100,000. Wannan riba duka ya kan ƙarar da ita a kan ma'abota ilmi da ibada, wani lokaci har ya taɓa uwar kuɗin.

Abin ya ba abokinsa Fulailu ɗan Iyal mamaki. Shi Fulailu mai gudun duniya ne, mazaunin Makka. Ya tambaye shi yadda zai riƙa umurtar mutane da zuhudu da taƙaitawa, ga shi kuwa yana koro kaya daga Hurasan zuwa Harami. Abdullahi ya bayyana masa cewa yana yin haka ne don ya tsare fuskarsa daga roƙo, ya kare mutuncinsa, ya sami abin da zai taimaka da shi a kan ɗa'ar Ubangijinsa, kada wani haƙƙi na Allah ya taso ya rasa abin sauke shi. Fulailu ya yaba, da sharaɗin in niyyar ta cika.

A wani zama kuma ya shaida wa Fulailu cewa ba don shi da abokansa ba, da bai yi fatauci ba. Abokan da ya ke nufi su biyar ne: Sufyanus Sauri, da Sufyanu ɗan Uyaina, da shi Fulailu, da Muhammadu ɗan Sammak, da Isma'ilu ɗan Ulayya. Waɗannan manyan malaman zamaninsu ne. Ya kan je Hurasan ya yi ciniki, ya fitar da abin cin iyalinsa da guzurin haji, ragowar ya ƙulla ya aika musu. Ku lura da kyau, ya ku attajirai. Wani yana tara dukiya, in ta yi yawa ya tuna da malamai. Shi kuwa malaman ya fara tunawa, sa'an nan ya fita neman dukiyar dominsu.

Mutanen Marwu suka yi gunaguni, suna ganin yana kwasar alheri yana kai wa wasu garuruwa alhali ga mabukata a gida. Amsar da ya ba su ita ce zuciyar wannan tarihi. Ya gaya musu cewa ya san inda wasu mutane su ke, masu falala da gaskiya, waɗanda suka nemi hadisi suka kyautata nema. Jama'a na bukatar abin da ke ƙirjinsu, su kuma talauci ya kama su. In an bar su, neman abinci zai ɗauke su, ilminsu ya ɓace. In an tallafe su, za su watsa shi ga al'ummar Annabi. Ya ƙara da cewa bayan annabci bai san wata daraja da ta fi watsa ilmi ba. Ashe kyautarsa da lissafi ya ke yin ta, kamar yadda falke ke duba kasuwar da hajarsa za ta fi riba. Wanda ya ciyar da mayunwaci ɗaya ya sami lada, amma wanda ya ciyar da malamin da zai karantar da ɗari, ga ladan ciyarwa, ga na karatun.

Yadda ya ke bayarwa

In lokacin haji ya gabato, mutanen Marwu su kan taru su nemi tafiya tare da shi. Sai ya karɓi guzurin kowa, ya rubuta suna a kan kowane ƙulli, ya zuba a akwati ya kulle. Daga nan ya yi musu hayar abin hawa, ya ciyar da su abinci mafi daɗi tun daga Marwu har Bagadaza, daga Bagadaza har Madina. A Madina ya bi su ɗaya ɗaya yana tambayar irin tsarabar da iyalin kowa suka yi masa saƙo, ya saya. A Makka ya sake yin haka. In sun komo ya sa a gyara musu ƙofofin gidajensu. Bayan kwana 3 ya yi walima ya tufatar da su, sa'an nan ya sa a kawo akwatin nan a buɗe, ya miƙa wa kowa ƙullinsa yadda ya kawo shi. Abincin tafiyarsa kaɗai kayan raƙumi guda ne, ga nama, ga kaji, ga kayan zaƙi, mutane na ci, shi kuwa yana azumi cikin zafin rana.

Wata shekara yana kan hanyar haji wani tsuntsu da ke cikin kayansu ya mutu, ya sa aka jefar a juji. Sai ya hangi wata yarinya ta fito daga wani gida ta ɗauke mushen ta ruga. Ya bi ta ya tambaya, ta gaya masa cewa ita da ɗan'uwanta marayu ne, an zalunci ubansu an kashe shi an ƙwace dukiyarsa, yunwa ta kai su ga halin da mushe ya halatta gare su. Ya tambayi wakilinsa abin da ya rage na guzuri, aka ce dinari 1,000. Ya ce a ware 20 da za su mai da su Marwu, a ba ta sauran, domin a ganinsa wannan ya fi hajinsu na wannan shekara. Ya juya gida. Mai maimaita Umra kowace shekara, alhali yaran unguwarsa na kwana da yunwa, ya tsaya ya yi tunani a nan.

A Raƙƙa kuma akwai wani saurayi da ke zuwa masaukinsa yana yi masa hidima yana jin hadisi. Wata zuwa bai gan shi ba, ya tambaya, aka ce yana kurkuku saboda bashin dirhami 10,000. Ya nemo mai bin bashin da dare, ya ƙirga masa kuɗinsa, ya rantsar da shi kada ya gaya wa kowa muddin yana da rai, kāna ya bar garin cikin daren. Da aka saki saurayin ya bi shi ya cim masa a hanya. Abdullahi ya tambaye shi inda ya shiga kamar bai san kome ba. Saurayi ya ce wani bawan Allah da bai sani ba ya fanshe shi, shi kuwa ya umurce shi da gode wa Allah. Asirin bai fito ba sai bayan rasuwarsa.

Tsakaninsa da masu mulki

Kyautar nan tasa tana da wata manufa da ta wuce ciyarwa. Yana so malami ya wadatu daga ƙofar sarki, domin in baki ya ci ido ya kan ji kunya. An ruwaito cewa Isma'ilu ɗan Ulayya, ɗaya daga biyar ɗin nan, ya karɓi wani muƙami na hukuma. Da labari ya kai ga Abdullahi sai ya tsai da ƙullin da ya saba aika masa, ya rubuta masa waɗansu baitoci masu zafi yana tuna masa hadisan da shi da kansa ya ruwaito game da nisantar ƙofofin sarakuna. Ɗan Ulayya ya yi kuka, ya nemi a sauke shi. Da ya sauka sai ƙullin ya komo. To, ku gani, bai ce wa malami ya bar albashin hukuma ya ci iska ba. Sai da ya tanadar masa abin da zai ci, sa'an nan ya sami bakin yi masa faɗa.

Kada kuma a ɗauka shi mai tawaye ne. Yana ganin jama'a ba ta zama sai da shugaba, in babu shi hanyoyi ba su aminta, mai ƙarfi ya cinye marar ƙarfi. Abin da ya ƙi shi ne malami ya zama ɗan amshi, har ya kasa faɗa wa mai mulki gaskiya ranar da talakawa ke bukatar a faɗa.

Wata rana ya shiga Raƙƙa, halifa Haruna Rashidu yana garin. Mutane suka fita tarbarsa, ƙura ta tashi, takalma suka tsintsinke saboda turereniya. Wata sa-ɗakar halifa ta leƙo daga bene ta tambayi abin da ke faruwa, aka gaya mata wani malamin Hurasan ne ya iso. Sai ta rantse cewa wannan ita ce sarauta, ta fi ta Haruna, wanda ba a tara masa mutane sai da dogarai. Matar nan ta gane abin da masu neman shugabanci da yawa ba su gane ba, cewa taron da aka kora da bulala ko aka sayo da kuɗi daban ya ke da taron da ya zo da yardar zuciyarsa.

Jarumtarsa da rasuwarsa

Bai tsaya ga tawada da ma'auni kaɗai ba. Ya kan tafi zaman ribaɗi a Ɗarsus da Masisa, garuruwan iyaka tsakanin Musulmi da Rumawa, waɗanda yanzu su ke kudancin Turkiyya. Tsakanin Marwu da Ɗarsus ya haura mil 1,400 ko da an miƙe sak. Gwani ne a kan doki. Wani ɗan garinsu, Abdatu ɗan Sulaimanu, ya ba da labarin ranar da wani barden Rumawa ya fito yana neman fito-na-fito, ya kashe waɗanda suka fita masa ɗaya bayan ɗaya, har wani mahayi ya fito ya kā da shi. Mutane suka yi caa a kansa don su ga ko wane ne, shi kuwa yana rufe fuska da hannun riga. Abdatu ya fizge hannun rigar, sai ga Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya zarge shi a kan tona masa asiri. Yadda ya ɓoye sadakarsa haka ya so ya ɓoye jarumtarsa.

A shekara ta 179, shekarar da Imamu Malik ya rasu, ya yi zuwansa na ƙarshe Bagadaza. Wani yaro mai suna Ahmadu ɗan Hambali, wanda ya fara neman hadisi a wannan shekara, ya je majalisarsa aka ce masa ya riga ya tashi zuwa Ɗarsus, ba su kuwa sake samun haɗuwa ba. A watan Azumi na shekara ta 181, watau 797, yana komowa daga iyaka, ajali ya riske shi a garin Hiti a bakin kogin Furatu, yana da shekara 63. Da ya ji alamar mutuwa ya umurci baransa Nasaru ya sa kansa a kan turɓaya. Nasaru ya fashe da kuka don tuna irin ni'imar da ubangidansa ya ke ciki, ga shi zai cika a baƙunci kamar fakiri. Ya hana shi kuka, ya gaya masa cewa shi ya roƙi Allah ya raya shi rayuwar mawadata ya kashe shi mutuwar matalauta. Da labari ya isa fada, Haruna Rashidu ya shaida cewa shugaban malamai ne ya tafi.

Abin da ya rage gare mu

Wannan haɗin kasuwa da makaranta ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Wangarawa, waɗanda malamai ne kuma 'yan kasuwa, su suka ƙarfafa Musulunci a Kano zamanin Sarki Yaji. Ayarin kakanninmu na Gwanja ba ya rasa malami a ciki, kuma zangon da fatake suka kafa, ba a jimawa za ka ji ƙarar karatun yara a wurin. Mu ne muka raba abin da Allah ya haɗa.

Ya ku attajirai, sadakar ranar Juma'a da buhun watan Azumi alheri ne, Allah ya karɓa, amma makaranta kullum ta ke ci. Ku yi kamar ɗan Mubarak. Ku bincika ku san makaranta ɗaya ko biyu da malaminsu ke da gaskiya, ku yanka musu abu sananne daga ribar kowace shekara, wanda malami zai iya dogara da shi. Ku tsai da rumfa ko gona ko gidan haya ku mai da su waƙafi. Ku nemi ɗalibi mai fahimta wanda bashi ko yunwa ke shirin raba shi da littafi, ku fanshe shi, kada kuwa ku kira maroƙi ya shelanta.

Ya ku 'yan'uwana malamai, da kaina na ke farawa. Sana'a ba ta rage darajar mai ilmi, ga wanda Malik ya gusa dominsa yana auna haja. A zamanin nan jama'a ke zaɓen shugabanninsu da ƙuri'a, kuma suna kallon bakinmu kafin su jefa. Malamin da ya karɓi ƙunshi a daren zaɓe ya sayar da abin da ba nasa ba, watau amanar masu sauraronsa, gobe kuma in an yi zalunci harshensa ya yi nauyi. Duk garin da attajiransa suka wadatar da malamansa, mai neman kujera ba zai sami wanda zai saya ba.

Sai kuma yaran da ke hannunmu. Mutumin da ya haura shekara 60 yana keta ƙasashe a kan dabba, yana azumi, yana tsaron iyaka, da lafiyar jiki ya yi wannan, kuma jiki tun yarinta a ke gina shi. Imamu Gazali, shi ma mutumin Hurasan, ya yi gargaɗi a cikin Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa mai kyau in ya tashi daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa kan karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dushe masa basira. Yaron da ya wuni yana gararamba da ƙoƙo a rana bai yi karatu ba, bai kuma yi wasa ba, wahala kaɗai ya sha. Na ga da idona yadda kolon da ya ƙoshi, ya yi langa da tsere da 'yan'uwansa da la'asar, ya ke riƙe allonsa fiye da wanda ya zo da ciki wofi. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Saboda haka wanda ya ba makaranta hatsi, ko ya haƙa mata rijiya, ko ya bar mata fili inda yara za su yi gudu, duka hidimar Alƙur'ani ya yi.

Birnin Marwu Tatar sun rushe shi a shekara ta 618. Jarin nan na 400,000 babu dirhami ɗaya da ya saura. Amma hadisan da malaman nan biyar suka ruwaito, da waɗanda shi ya ruwaito, ga su nan ana karanta su a zaurukanmu bayan shekara fiye da 1,200. Wannan ita ce ribar da falken Marwu ya fita nema, ya kuwa same ta.

Allah ya jiƙan Abdullahi ɗan Mubarak, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu da makarantunmu, ya shiryi 'ya'yanmu, ya ba shugabanninmu adalci, ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalam.